Daga Dala zuwa Ɗan'agundi: Ranar da Muka Fita Neman Lissafi a Cikin Birni

Wata gardama ce a aji ta jawo wannan tafiya. Ranar wata Talata malaminmu na lissafi ya shigo da takarda a hannu, ya ce an buɗe rajistar wata gasar kimiyya ta ƙasa wadda ake ba waɗanda suka yi zarra tallafin karatun jami'a. Ya tambaya wa zai shiga. Aji ya yi tsit. Can sai wani daga kujerun baya ya ce, "Malam, irin wannan ai ta 'ya'yan masu hali ce, 'yan Legas da Abuja. Mu 'yan cikin birni ina muka ga lissafin da za mu kara da su?" Aka yi dariya, amma gaskiya da yawanmu abin da ke ranmu ke nan.

Malam bai yi faɗa ba. Ya naɗe takardarsa ya sa a aljihu, ya ce duk mai so ya nemi izinin gida, ya same shi a gindin Dutsen Dala ranar Asabar da ƙarfe bakwai na safe, ya zo da littafi da biro. Shi kuma zai zo da igiyar awo da sanda. Mu goma sha huɗu muka hallara, maza tara, mata biyar, dukkanmu 'yan aji biyu na babbar sakandare. Malamarmu ta kemistiri ma ta zo, don ta tsaya tare da mata. Ga abin da muka gani, ga kuma abin da muka koya.

A kan Dala

Kafin mu fara hawa, Malam ya ce kowa ya ƙirga matakala a zuciyarsa. Da muka kai sama muna haki, ya tambaye mu adadi. Sai ga amsa har iri huɗu, kowa kuma yana rantsuwa tasa ce daidai. Malam ya yi murmushi ya ce darasin farko ke nan: a kimiyya ba a dogara da awo ɗaya. Ana maimaitawa, a rubuta, a kwatanta da na wasu. Ya ce idan za mu sauka mu sake ƙirgawa, amma mu fara yarjejeniya a kan wace matakala ce ta farko, wace ce ta ƙarshe. Da muka yi haka, amsoshin suka matso kusa da juna.

Daga can sama birni ya shimfiɗu a gabanmu cikin hazon safiya. Ga Goron Dutse ta yamma, ga hasumiyoyin babban masallacin Juma'a, ga rufin kwano da soraye sun cakuɗe har iya ganin ido. Wasunmu a Dala aka haife su, amma ba su taɓa hawa ba sai ranar.

Malama ta ce mu dubi jan dutsen da muke tsaye a kai. Tun kafin a san sarautar Bagauda, mutanen da suka zauna a gindin wannan dutse maƙera ne masu narkar da tama, kuma masu binciken tarihi sun gano alamun wannan aiki tun daga wajen ƙarni na 7. Ta tambaye mu me ya sa ake zuba gawayi tare da tama a cikin tanderu. Muka ce don wuta ta kama. Ta ce wannan rabin amsa ce. Tama ƙarfe ne da ya haɗe da iskar oksijin. Idan aka zuga wutar da zuga-zugi ta yi zafi sosai, sinadarin kabon da ke cikin gawayi shi ke janye oksijin ɗin, ya bar ƙarfe. Abin da muka haddace a aji da ƙyar, ashe kakanninmu sun fi shekara dubu suna yin sa a nan. Abin da ba su yi ba shi ne rubuta shi da alamomi.

Kurmi: lissafin ka

Muka gangara ta lunguna zuwa Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Hanyoyin kasuwar matsattsu ne, sai mun jeru ɗaya bayan ɗaya. Ƙamshin turaren wuta da na kimba da kanumfari ya cika ko'ina. Muka wuce masu kayan doki, da dukawa, da masu tasoshi, da masu kanwa.

A nan ne abin dariya ya faru. Abokinmu da ya yi maganar 'yan Legas, babansa yana da rumfar huluna a kasuwar, kuma kullum bayan an tashi daga makaranta can yake zama. Muka tsaya muka gaishe da Baba, ya yi ta sa mana albarka. Sai Malam ya juya wajen ɗan ya ce, "A ce na zo sarin hula 17, kowacce naira 3,500, ka rage mini naira 200 a kan kowacce. Nawa zan biya?" Kafin wata daga cikinmu ta gama danna wayarta, ya ce, "Dubu hamsin da shida da ɗari ɗaya, Malam." Aka duba, haka ne: 56,100.

Malam ya ce ya faɗa mana yadda ya yi. Ya ce ai ba wani abu ba ne, kowace hula ta koma 3,300, sai ya yi 17 sau 3,000 ya samu 51,000, ya yi 17 sau 300 ya samu 5,100, ya haɗa. Malam ya ce, "To wannan ita ce ƙa'idar buɗe baka da ka faɗi a kanta a jarrabawar zangon da ya wuce. A kasuwa kana yin ta ba ka ko tunani, a aji kuma da ka ga an sa harafi a madadin hula sai gabanka ya faɗi." Har Baba sai da ya yi dariya.

Wani dattijo da ke rumfar kusa ya ba mu labarin zamanin wuri, kamar yadda ya ji daga iyayensa. Kafin kuɗin Turawa, da wuri ake ciniki, kuma akwai mutanen da sana'arsu ke nan, ƙirga wuri. Biyar-biyar suke jan sa da yatsu, su tara kashi-kashi. Wuri 20 shi ne hauya, 100 zangu, 20,000 kuwa keso guda. Duk fatken da bai iya wannan lissafi ba, jarinsa ba ya kwana biyu.

Da muka isa layin masu littattafai, Malam ya zana murabba'i mai gida tara a littafinsa, irin wanda malamanmu ke kira hatimi. Ya ce mu jera lambobi daga 1 zuwa 9 a ciki, yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da 15. Muna fama ya ba mu labarin Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, wani malami Bakatsine da ya tafi aikin hajji, daga baya ya zauna a Alƙahira. A 1732 ya rubuta littafi da Larabci wanda ya bayyana hanyoyin gina irin wannan murabba'i, kuma a Alƙahira ya rasu a 1741. Yau duk wanda ya buɗe littafin tarihin lissafi a Afirka zai ci karo da sunansa. Mutumin ƙasar Hausa ne.

Marinar Ƙofar Mata

Daga Kurmi muka nufi gabas zuwa Ƙofar Mata, inda tsohuwar marina take. An rubuta a ƙofar wurin cewa tun 1498 ake rini a nan. Rijiyoyin rini ne jere a ƙasa, wasu an rufe su da murfin kaba, wasu kuwa, abin takaici, ƙasa da shara sun cike su. Marina 'yan kaɗan muka tarar suna aiki, yawancinsu dattawa.

Wani daga cikinsu, hannuwansa shuɗi har gwiwar hannu, ya yarda ya nuna mana. Ya ce ana cika rijiya da ruwa, a zuba baba da toka da katsi, a bar su su jiƙa kwana da kwanaki ana motsawa da muciya, har kumfa ta taso. Ya tsoma farin ƙyalle ya ɗago. Muka yi tsammanin zai fito shuɗi, sai ya fito kore-kore. Muna kallo, cikin ɗan lokaci ya rikiɗe ya koma shuɗi. Ya sake tsomawa, ya sake ɗagowa, launin yana ƙara duhu. Ɗaya daga cikin mata ta ce, "Baba, me ya sa sai kun riƙa ɗagowa? Me zai hana ku bar shi a ciki kawai?" Ya ce, "'Yata, sai ya sha iska yake kama. Haka muka taras, haka muke yi."

Malama ta ce Baba ya faɗi amsar daidai, saura dalili. Shuɗin da ke cikin baba ba ya narkewa a ruwa. Toka da katsi su ke mayar da ruwan ya zama mai kaifi irin na kanwa, sai ƙananan halittun bakteriya su yi ta aiki a ciki, su sauya sinadarin ya koma wanda ke narkewa, mai launin kore-kore. A haka yake shiga cikin zare. Da an ɗago ƙyallen ya haɗu da oksijin, sai ya koma shuɗin da ba ya narkewa, ya maƙale a cikin zaren. Shi ya sa rinin marina ke daɗewa.

Sai ta ba mu ragowar labarin, wanda bai yi mana daɗi ba. A 1851 Bajamushen matafiyi Heinrich Barth ya zo Kano, ya kuma rubuta yadda rinannun tufafin ƙasar Kano ke tafiya har Timbuktu da Tarabulus. Ba a cika shekara hamsin da zuwansa ba, wani Bajamushe masanin kemistiri, Adolf von Baeyer, ya gano tsarin sinadarin shuɗin baba da yadda za a haɗa shi a ɗakin gwaji. A 1897 kamfanin BASF ya fara sayar da shuɗin masana'anta, a 1905 kuma Baeyer ya samu kyautar Nobel. Daga nan kasuwar baba ta fara faɗuwa a duniya, daga Indiya har ƙasar Hausa. Malama ta ce mu mun san yadda ake yi, su kuma suka tsaya suka gano me ya sa yake yiwuwa, sai kasuwar ta koma hannunsu. Wannan magana ta zauna a zukatanmu.

Malam bai bar mu mun tafi haka ba. Ya ce a ce faɗin bakin rijiyar rini mita 1 ne, zurfinta mita 4, jarka nawa ta lita 25 za ta cika ta? Muka duƙa a gefe muna rubutu. Rabin faɗin baki shi ne 0.5, a ninka shi da kansa ya ba da 0.25, a ninka da 3.14 sannan da 4, ya ba da mita kubik 3.14, wato lita 3,140. A raba da 25, jarka 126 ke nan saura kaɗan. Baba marini ya ce da ya san haka tun da, da mai ruwa bai riƙa yi masa kwange ba.

Muna fitowa sai ga Asibitin Murtala a kusa, mutane na ta shige da fice, mata da goyo sun yi layi. Malama ta nuna wa 'yan matanmu layin ta ce kowace daga cikin waɗannan matan za ta so a ce likita mace ce za ta duba ta. Ba ta ƙara komai a kai ba.

Shahuci: rabon gado

Muka juyo cikin gari ta Shahuci, inda aka buɗe makarantar horar da alƙalai a 1928. Malam ya ce duk alƙalin da ya fito daga nan sai ya iya lissafi, domin ba a rabon gado da ƙiyasi. Rabi, rubu'i, sumuni, sulusi, sudusi, duk lissafin kaso ne. Ya ce littafin da Alkhawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820, wanda daga sunansa aka samu kalmar aljebra, babban ɓangarensa a kan matsalolin gado da wasiyya yake.

Ya ba mu misali. Mutum ya rasu ya bar naira 720,000 bayan an biya bashi, magadansa kuma matarsa, da mahaifiyarsa, da ɗa namiji ɗaya, da 'ya mace ɗaya. Yaya za a raba? Muna ta zane-zane, sai wata 'yar ajinmu da ba ta cika magana ba ta ce, "Mata tana da sumuni, uwa tana da sudusi. Ƙaramar lambar da 8 da 6 za su raba ba saura ita ce 24. Mata 3, uwa 4, saura 17. To 17 ba ta rabuwa uku, sai a ninka komai da 3 ya zama 72. Mata 9, uwa 12, ɗa 34, 'ya 17. Mata naira 90,000, uwa 120,000, ɗa 340,000, 'ya 170,000."

Malam ya tambaye ta a ina ta koya. Ta sunkuyar da kai ta ce bara mahaifinta ya rasu, kuma tana bayan labule lokacin da malamai suka zo rabon gado, tana bin lissafin a takarda. Muka yi shiru, muka yi masa addu'a. Daga baya ne ƙawayenta suka gaya mana sauran labarin, ita ma ta yarda mu rubuta ba tare da sunanta ba. Mahaifiyarta da ɗinkin hula take riƙe su. Baffanta ya ce zai ci gaba da taimakawa har ta gama sakandare, amma shi ma yana da nasa 'ya'yan, kuɗin jami'a ya fi ƙarfinsa. Ita kuwa likita take so ta zama. A wurin wasunmu gasar da Malam ya kawo abin gwada sa'a ce. A wurinta, ita ce za ta iya raba tsakanin ci gaba da karatu da zaman gida.

Gidan Makama

Muka yi sallar azahar a babban masallaci, muka zaga ta Ƙofar Kudu, muka shiga Gidan Makama, wanda yanzu gidan adana kayan tarihi ne. Waje rana ta take, amma da muka shiga soro sai muka ji sanyi kamar an kunna na'ura. Malam ya sa muka dafa bango. Ya ce katangar ƙasa mai kauri a hankali take shan zafi, kafin zafin rana ya ratsa ta ya iso ciki, dare ya yi. Da dare kuma sai ta riƙa sakin ɗumin. Ya nuna mana rufin, yadda magina suka jera azara, wadda ake samu daga giginya kuma gara ba ta cika cin ta ba. Azara ba ta ɗaukar nauyi idan tazara ta yi yawa, don haka sai magina su ɗora guntaye a kan guntaye, kowane ya ɗan zarce na ƙasansa, har su haɗu a tsakiya su yi bakan gizo. Nauyin rufi sai ya bi bakan ya sauka cikin bango. Injiniyoyin gada ma da wannan tunani suke aiki.

A inuwar harabar muka zauna muka ci gurasa da ƙuli-ƙuli, Malam kuma ya ba mu tarihin da ya shafe mu kai tsaye. Ya ce bayan an ƙirƙiri jihar Kano a 1967, an wayi gari jiha ga mutane ga kasuwanci, amma likitoci da injiniyoyi 'yan ƙasa ba su taka kara sun karya ba. Yawancin masu wannan aiki baƙi ne. A 1977, zamanin Gwamna Kanar Sani Bello, aka buɗe makarantun sakandaren kimiyya guda biyu, ɗaya a Dawakin Kudu, ɗaya a Dawakin Tofa. Ba da sanayya ake shiga ba, jarrabawa ake yi, a tace yara masu hazaƙa daga ko'ina a jihar, gwamnati ta ɗauki nauyin kwanansu da abincinsu da karatunsu. Daga baya aka buɗe wa mata tasu a Taura, wadda yanzu take jihar Jigawa. Ɗan manomi da ɗan maƙeri da ɗan mai rumfa a Kurmi suka zauna a benci ɗaya, kuma da yawa daga cikin likitoci da injiniyoyi da malaman jami'a da Kano da Jigawa ke alfahari da su yau, daga can suka fito. Har yanzu Hukumar Makarantun Kimiyya da Fasaha ta jihar Kano tana shirya jarrabawar shiga makarantunta ga 'yan aji uku na ƙaramar sakandare.

Ya ƙara da cewa wanda ya yi fitaccen bincike a kan waɗannan makarantu ɗan cikin birni ne, Farfesa Abdalla Uba Adamu, haifaffen unguwar Daneji. A kansu ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Sussex ta Ingila a 1988, daga baya kuma ya shugabanci Jami'ar Karatu Daga Gida ta ƙasa daga 2016 zuwa 2021. Daga inda muke zaune zuwa Daneji tafiyar ƙafa ce.

Ƙofar Nassarawa: ƙofofin da ke buɗe

Muka miƙe titi zuwa Ƙofar Nassarawa. A bakin ƙofar ga dogon benen nan na Gidan Ado Bayero, inda jami'ar jiha da aka kafa a 2012 da sunan Northwest ta fara karatu. Malam ya ce wanda ya tashi a cikin birni yau ba shi da uzurin nisa. Ga wannan, ga Jami'ar Bayero a kan titin da ya bi gefen badala, ga jami'ar kimiyya da fasaha a Wudil wadda aka buɗe a 2001, yanzu take ɗauke da sunan Aliko Ɗangote. Matsalar yawancinmu ba nisa ba ce, kuɗi ne. A nan ya lissafa mana hanyoyin da hazaƙa ke iya biya wa mutum kuɗin makaranta, muka rubuta, ga su kuma domin 'yan'uwa ɗalibai.

Akwai gasar Cowbellpedia, wadda aka fara nunawa a talabijin a 2015, tana da rukunin ƙaramar sakandare da na babba, kuma ana ba da kyautar kuɗi ga ɗalibai har da malamansu. Akwai InterswitchSPAK ta 'yan aji biyu na babbar sakandare, wadda ake fara ta da jarrabawar share fage, a zaɓi mutum 81 su fafata a talabijin. A zagayenta na farko wanda ya zo na ɗaya ya samu tallafin karatun jami'a na naira miliyan 7.5. Akwai gasannin Olimfiyad da Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Abuja ke shiryawa, inda ake zaɓen waɗanda za su wakilci Najeriya a gasar lissafi ta duniya. Ita wannan gasa a Romaniya aka fara ta a 1959, kuma kowace ƙasa ɗalibai shida kacal take turawa. Idan an shiga jami'a, akwai Hukumar Tallafin Karatu ta jihar Kano. Wanda kuma ya dage ya fita da sakamako mai daraja ta ɗaya, ya tuna cewa a 2012 gwamnatin jiha ta tura ɗalibai 501 ƙasashen waje karatun digiri na biyu, a 2023 kuma aka sake shelar ɗaukar 1,001. Ƙa'idoji da kyaututtuka suna sauyawa daga shekara zuwa shekara, don haka a riƙa tambayar shugaban makaranta ko malamin lissafi.

Malama ta ja mana kunne a kan abubuwa biyu. Na farko, takardu. Yayan ɗaya daga cikinmu ya ci jarrabawar wani tallafin karatu, aka kira shi tantancewa, sai aka ga sunansa a takardar WAEC daban da yadda aka rubuta a takardar shaidar ƙaramar hukuma, ranar haihuwa ma ta saɓa. Kafin ya gyara an rufe, aka ba wani. Ta ce tun yanzu kowa ya duba takardar haihuwa da lambar NIN da rajistar makaranta, ya tabbata suna ɗaya ne, harafi da harafi. Na biyu, 'yan damfara. Duk saƙon da ya zo a waya yana cewa ka ci tallafin karatu amma ka fara tura kuɗi asusun wani mutum, ƙarya ce. A nuna wa malami ko iyaye kafin a taɓa komai.

Inuwar badala

Ƙafafu sun gaji, don haka muka hau adaidaita sahu zuwa Ƙofar Ɗan'agundi. A tsallaken titi ga Kwalejin Rumfa, wadda ta fara a matsayin makarantar Midil ta Kano a 1927, inda marigayi Sarki Ado Bayero ya yi karatu. A gefenmu kuma ga abin da ya rage na badala. Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara gina ganuwar, sarakunan bayansa, ciki har da Rumfa, suka faɗaɗa ta. Lokacin da Turawa suka ci Kano a 1903, Lugga ya rubuta cewa tsayinta ya kai ƙafa 30 zuwa 50. Yau ruwan sama da masu ɗibar ƙasa da masu gini sun cinye mafi yawanta.

A nan sandar Malam ta yi amfani. Ya ce mu auna tsayin wani guntun badala ba tare da mun hau ba. Muka tsaya muna kallon juna. Sai abokinmu na rumfar huluna ya karɓi sandar, wadda tsawonta mita 1 ne, ya kafa ta a ƙasa, aka auna inuwarta aka samu mita ɗaya da rabi. Aka auna inuwar badalar aka samu wajen mita 6. Ya ce idan mita ɗaya ta ba da ɗaya da rabi, to mita 6 na inuwa daga mita 4 ta fito. Mai rabon gado ta ce a yi hattara, badalar a kishingiɗe take, ba a miƙe ba, don haka daga daidai ƙarƙashin ƙololuwarta ya kamata a fara awo, amsarmu kusa ce kawai. Malam ya ce duka biyun sun yi daidai. Ya tuna mana cewa kafin zuwan agogo, da inuwa ladanai ke gane shigar la'asar, idan inuwar abu ta kai tsawonsa bayan an cire inuwar tsakar rana. Yana rufe baki sai muka ji an kira salla.

Bayan mun idar, Malam ya fito da takardar nan ta ranar Talata, duk ta yamutse a aljihu. Bai ce komai ba, ya ɗora ta a kan littafinsa ya miƙa biro. Mu goma sha ɗaya muka rubuta sunayenmu. Na farko shi ne wanda ya ce gasar ta 'yan Legas ce. Sauran ukun suka ce sai sun yi shawara da gida.

Ba mu yaudari kanmu ba. Iya lissafin kasuwa ba zai sa a ci gasar ƙasa ba, kuma waɗanda za mu kara da su suna da ɗakunan gwaji da kwamfutoci da mu ba mu da su. Shi ya sa muka tsara zama kullum bayan la'asar, awa ɗaya da rabi, muna bin tambayoyin shekarun baya. Wanda ya fi ƙarfi a fiziks ya koya wa sauran, mai kemistiri ma haka. Mata suna haɗuwa a gidan Malama, maza a zauren gidan su ɗaya daga cikinmu. Saura mako uku a yi jarrabawar share fage. Wataƙila a samu wanda zai tsallake a cikinmu, wataƙila ba a samu ba. Ko yaya ta kasance, karatun da muka yi yana nan, WAEC da NECO da JAMB kuma suna tafe. Muna roƙon masu karatu su sa mu a addu'a, musamman 'yar'uwarmu mai son zama likita.

Ga kuma aikin gida ga manyan gobe. Ku zana murabba'i mai gida tara, ku jera 1 zuwa 9 yadda kowane layi zai ba da 15. Mu sai da muka kai Ƙofar Mata kafin mutum na farko ya samu. Taimako ɗaya za mu yi muku: ku fara da tunanin wace lamba ce ta dace da gidan tsakiya, da kuma dalili.